Shaidar Ɗan Sa Kai: Yadda Kyautar Biki Take Isa Hannun Yaro

Na daɗe cikin 'yan sa kai masu tara kyautar biki domin yaran gidajen da ba su da ƙarfi, kuma shaidar da zan iya bayarwa ita ce tara kayan shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. In biki ya gabato hannun mutane yana buɗewa, kwalaye su cika har a rasa wurin ajiya. Wahalar tana wajen ganin kowane yaron da aka rubuta ya samu abin da ya dace da shekarunsa da girman jikinsa, kuma uwarsa ko ubansa sun karɓa ba tare da sun sunkuyar da kai ba. Duk shirin da ka ga ya wargaje ranar rabo, in ka bi sawu, tun wajen rajista ya samu matsala.

Shi ya sa muke farawa mako goma zuwa goma sha biyu kafin biki, kuma mako huɗu na farko na rajista ne zalla. Ko kwali ɗaya ba ma ajiyewa a lokacin. Wanda ya fara tara kaya kafin ya san yaransa, ƙarshe zai koma neman yaran da za su dace da kayan, ga 'yan tsana ɗari a gabansa, ga samari 'yan shekara goma sha huɗu a takarda ba abin da zai ba su.

Sunayen gidaje ba ta shela muke samun su ba. Muna bi ta hannun malaman makaranta, ma'aikatan lafiya, shugabannin wuraren ibada da jami'an jin daɗin jama'a, mutanen da suke ganin yaran kullum. In aka yi shela, wanda ya riga ji shi zai cika layi, wanda kuwa ya fi kowa buƙata sau da yawa kunya ce take zaunar da shi a gida. Malamar aji ta san yaron da takalminsa ya matse shi tun farkon zango, ko da uwarsa ba ta taɓa buɗe baki ta roƙi kowa ba.

Fom ɗin rajista shafi ɗaya ya isa, amma kowane layi a cikinsa yana da dalili. Ana rubuta sunan mai kula da yaran da lambar waya biyu, domin ɗaya takan mutu kafin ranar rabo. Ga kowane yaro kuma ana rubuta ranar haihuwa, ba shekaru kawai ba, saboda "shekara uku" a bakin uwa yana iya zama wata talatin, kuma wannan bambancin shi ne yake raba abin wasan da ya halatta da wanda zai iya shaƙe shi. Sai namiji ko mace, lambar riga, lambar wando, da tsawon ƙafa. Tsawon ƙafa na ce, ba lambar takalmi ba: lambar Turai daban, ta Ingila daban, ta Amurka daban, mai saye kuma bai san wacce aka rubuta masa ba. A dora ƙafar yaron kan takarda, a zana, a auna da santimita, a ƙara kaɗan domin girma. Daga nan sai abu ɗaya da yaron yake buƙata, abu biyu da yake sha'awa, da layi na ƙarshe wanda mutane suke tsallakewa, wato abin da ba za a ba shi ba. Yaron da ƙara mai ƙarfi take firgita shi, ko mai raunin gani, ko wanda fatarsa ba ta jure turare, a nan ake sani.

Da an cike fom, gidan ya zama lamba. Gida na arba'in da bakwai ya zama 047, yaransa uku su zama 047-A, 047-B da 047-C, a gefe a rubuta "1 cikin 3", "2 cikin 3", "3 cikin 3". Sunaye suna zama a littafi ɗaya, a hannun mutum biyu, ba sa fita. Katin da mai bayarwa zai ɗauka ya saya wa yaro kaya da shi ba ya ɗauke da komai sai lamba, shekaru, jinsi, awo da abin da yaron yake so. Sababbin 'yan sa kai sukan ce sunan yaro zai fi taɓa zuciyar mai saye. Gaskiya ne, zai fi taɓawa. Amma mai sayen nan yana iya zama maƙwabcin gidan, ko uban abokin yaron a makaranta.

Kafin a buga kati ko ɗaya, sai an tace maimaici. Uwa ta yi rajista a makaranta, kaka ta yi a asibiti, yaran ɗaya ne, sunan ne aka rubuta iri biyu. Yawanci ba ha'inci ba ne, kowacce tsoro take kada a manta da su. Ranar haihuwa da lambar waya su ne suke fallasa maimaicin, ba suna ba. Sannan a tsayar da adadi. In ƙarfinmu yaro ɗari uku ne, ɗari uku muke rubutawa, sauran su shiga jerin masu jira, a kuma gaya musu haka ƙarara. Uwar da aka ce mata "an rubuta ki" ta daina neman wata hanya, kuɗin da za ta ɗan tara ta biya wata buƙata da su. Ka ga in ka saɓa mata ana saura kwana uku, ka bar ta a halin da ya fi na da muni.

Hanyar tara kayan iri biyu ce, kuma duka biyun sun daɗe a duniya. Ta farko ita ce a ajiye kwali a wuraren da jama'a ke wucewa, kowa ya jefa abin da ya saya. Shirin Toys for Tots ya fara haka a 1947 a birnin Los Anjeles na Amurka, ƙarƙashin Manjo Bill Hendricks na sojojin ko-ta-kwana na rundunar Marine, kuma a shekarar farko kayan wasa kusan 5,000 suka tara. Ta biyu ita ce ta kati, inda mai bayarwa yake ɗaukar katin yaro guda ya saya masa abin da aka rubuta. Charles da Shirley White na ƙungiyar agaji ta Salvation Army ne suka ɓullo da shirin Angel Tree a 1979 a garin Lynchburg na jihar Birjiniya, suna rataye buƙatun yara a jikin bishiya a wata cibiyar kasuwanci. Kwali yana kawo kaya da yawa cikin sauƙi, amma abin da mai saye yake so yake kawowa. Kati yana kawo abin da yaron yake so, amma yana cin aiki, kuma yana da ramin da mutum zai iya faɗawa. A ganina, ƙaramar ƙungiya ta dogara da kati, ta ajiye kwali kaɗan domin cike giɓi.

Ramin kati shi ne wanda aka ɗauka ba a dawo da shi ba. Mutum ya ɗauka da kyakkyawar niyya, ya sa a aljihu, hidima ta sha kansa. Maganinsa uku ne. Ba a barin kati ya fita sai an rubuta sunan mai ɗauka da wayarsa a gaban lambar katin. Ranar dawo da kaya a sa ta mako biyu cif kafin rabo, a tuna wa mutane ana saura mako guda. Sannan a tanadi rarar kaya tun farko. Mu dai kyauta ɗaya muke warewa a kan kowane yara goma, ta kowane rukunin shekaru. Akwai kuma kayan da ke dawowa babu kati a jiki, ga kaya masu kyau ba a san na wane yaro ba. Don haka a buga katin gida biyu, rabi ya tafi da mai saye, rabi ya zauna a wurinmu, kuma mai karɓa kada ya bar mai kawowa ya juya baya sai ya manna lamba a jikin ledar.

Yadda aka rubuta buƙata shi ma yana da tasiri. Katin da aka rubuta "keke" ko "waya" shi kaɗai, shi ne yake kwana a rataye har ranar ƙarshe, kowa ya karanta ya wuce. Tun wajen rajista ake gaya wa iyaye iyakar da masu bayarwa suke saye a ciki, a nemi abu uku da suka shiga iyakar. Kuma "kayan wasa" ba buƙata ba ce. "Yana son harhaɗa abubuwa da hannu" ko "tana son zane da launi" ya fi wa mai saye amfani.

Sabo muke karɓa, kuma ba a naɗe ba. Wasu suna jin haushin wannan, musamman wanda ya ɓata lokaci ya yi naɗi mai kyau, amma duk abin da ya zo a naɗe sai mun warware shi. Ba ma miƙa wa yaro abin da idonmu bai gani ba.

Teburin tantancewa shi ne inda nake so a sa mutanen da suka fi natsuwa. Ana raba kaya rukuni biyar: haihuwa zuwa shekara 2, 3 zuwa 5, 6 zuwa 8, 9 zuwa 12, sai 13 zuwa 17. Kowane abu sai an juya shi an karanta shekarun da kamfani ya rubuta a kwali. Ga yaron da bai kai shekara uku ba, ƙa'idar da ake bi a Amurka da Turai ita ce duk abin da ya shige gaba ɗaya cikin bututun gwaji mai faɗin milimita 31.7 bai dace ba, domin zai iya maƙalewa a maƙogwaro. In babu bututun, kwalin tsakiyar takardar bayan gida yana yin aikin, ya ma fi shi ɗan faɗi, wato ya fi tsanani. Ba abin wasan kawai ake gwadawa ba, har abin da zai iya ɓallewa daga jikinsa: a ja idon 'yar tsana da yatsa biyu, a murɗa tayar mota, a duba ɗinki ko auduga tana leƙowa. Batir mai kama da maɓalli shi ne abin da ya fi ba ni tsoro a teburin nan. In yaro ya haɗiye shi ya tsaya a maƙoshi, cikin awa biyu yana iya ƙona naman wurin. Duk abin wasa mai irin wannan batir, in murfinsa ba a ɗaure yake da kusa mai murɗawa ba, gefe muke ajiye shi. Haka ƙananan maganaɗisu masu ƙarfi: biyu in suka shiga ciki suna jawo juna ta bangon hanji har su huda shi. Balan-balan ba a ba wanda bai kai shekara takwas ba sai da babba a kusa, don haka ba ma sa shi a leda. Abin wasa mai doguwar igiya ba ya zuwa wurin jariri. Kayan shafa da suka wuce wa'adi, abinci, magani, da bindigar wasa mai kama da ta gaske, duk waje.

Abin da ke aiki da batir kuma, a manna masa batiransa a jikin kwali da salatif. Gidan da bai iya sayen abin wasan ba, ba lallai ne yana da kuɗin batir huɗu a safiyar biki ba. Keke ya tafi da hular kwanonsa, a hura taya, a gwada birki, a ɗaure sirdi.

Da an gama tantancewa za ka ga abin da muke gani kowace shekara. Teburin 3 zuwa 8 ya yi tsiri, musamman ɓangaren 'yan mata, domin kowa yana jin daɗin sayen 'yar tsana da ƙaramar mota. Teburin jarirai da na 13 zuwa 17 kuwa sai ƙura. Duk kuɗin da aka ba mu hannu, nan muke kai shi. Matashi yana son jakar goyo mai kyau, agogo, abin sauraro na kunne, ƙwallo, kayan zane na gaske ba na yara ba, man shafawa da turare, ko katin sayayya ya je ya zaɓa da kansa. Kuma matashin nan ya fi ƙanensa sanin halin da gidansu yake ciki. Ya san ba a da shi, ba zai tambaya ba, zai ce a ba ƙanana. Shi ne ya fi sauƙin mantawa a lissafi.

Aikin da ba a cika magana a kansa ba shi ne daidaita 'yan gida ɗaya. Katin 047-A ya faɗa hannun mai wadata, ya dawo da leda biyu cike. Katin 047-B ya dawo da safa da ƙaramin littafi. Na 047-C bai dawo ba sam. In ka miƙa wa uwar kayan haka, rigima ka kai mata gida ranar biki. Don haka ba ma rufe ledar yaro ɗaya sai mun shimfiɗa kayan gidan duka a tebur mun kalle su da idon yaran. Yaro ƙarami adadi yake ƙirgawa da girman kwali, bai san tsada ba. Babba kuwa ya san tsada sarai. Ma'aunin da muke bi shi ne kowane yaro ya samu babban abu ɗaya, ƙanana biyu, da abin sawa ɗaya. Abin da ya yi rara a ledar A yana komawa teburin rukuninsa, a cike wa B da C daga rarar da aka tanada. Wannan kuwa sai an rubuta shi a jikin kati tun farko, cewa ƙungiya tana iya raba kaya tsakanin yara domin adalci, kada mai bayarwa ya ji daga baya ya ce an ci amanarsa.

Ɗaurin kaya na mutum uku ne: ɗaya yana karanta fom da ƙarfi, ɗaya yana sawa a buhu, na uku daban ya sake dubawa kafin a ɗaure baki. Buhun ya zama mai duhu, wanda ba a ganin cikinsa, domin yara da maƙwabta. A rubuta lamba da manyan baƙaƙe a gefe biyu, a ƙara wata takardar a ciki saboda ta waje takan ɓalle. In gida yana da buhu biyu da keke, a rubuta a jikin kowanne, in ba haka ba keken zai kwana a sito bayan uwar ta tafi. A jera buhunan bisa lamba, layi-layi, a bar hanyar da mutum zai wuce da kaya a hannu.

Sito ya zama busasshe, kaya a kan katako ba a ƙasa ba, makulli a hannun mutum biyu. Kuɗi kuma mutum biyu suke ƙirgawa, su sa hannu, kowace sayayya da rasit. Ba don ana zargin kowa ba; wanda yake riƙe da kuɗin shi ne ya fi kowa amfana da wannan tsarin ranar da magana ta tashi.

'Yan sa kai sukan yi cincirindo ranar hutun ƙarshen mako, ranar aiki kuwa ka nemi mutum biyu ka rasa. A raba aikin awa uku-uku, a ƙayyade adadi, kowane tebur da tsohon hannu guda. Bayan awa uku ido yana gajiya, 074 ya koma 047. Sabon zuwa a ba shi minti goma na bayani a kan abu uku: lamba, haɗarin kayan wasa, da riƙe sirri. In ɗan sa kai ya ga fuskar da ya sani a ranar rabo, ya gaisa yadda ya saba, maganar ta mutu a nan, ko a gidansa ba zai ɗauko ta ba.

Ranar rabo ba a kiran kowa da kowa lokaci ɗaya. Layi a bakin ƙofa tallar talauci ne, kuma shi ne yake hana wasu zuwa. Muna ba kowane gida lokacinsa, gida takwas a kowane minti goma sha biyar, a ce su zo ba tare da yara ba in da hali. Mai tarba ya ce, "Sannu da zuwa, Mama, mece ce lambarki?" ko "Baba, bismillah, ga kujera," wani ya ɗauko buhu, a kai su gefe inda za su buɗe su duba a natse. A nan ake gano takalmin da ya yi kaɗan, ko abin da yaron ya riga ya samu, a canza daga teburin rara. Sai a ba su takardar naɗi da salatif su tafi da su.

Wannan takardar naɗin tana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Uwar ce za ta naɗe, ita za ta miƙa, ita yaron zai rungume. Abin da za ta gaya masa game da inda kayan suka fito, nata ne. Ba ma sa takardar ƙungiya a cikin buhu, ba ma sa wasiƙar mai bayarwa mai ɗauke da sunansa, ba ma kai kaya gida da ayarin mutane cikin riguna iri ɗaya. Hoto kuwa babu. Masu ba da tallafi za su nema, suna kuma da haƙƙin ganin inda dukiyarsu ta tafi, to a ɗauki hoton buhuna a jere da teburan tantancewa a aika musu. Cewa "ai mun nemi izininta" ba hujja ba ce a wurina, domin wadda take tsaye tana jiran kayan 'ya'yanta ba ta da bakin cewa a'a. Inda wuri ya wadata, akwai tsarin da ya fi buhu: a jera kaya kamar kanti, kowace uwa ta zaga da ɗan sa kai ɗaya ta zaɓa wa kowane yaro da kanta. Yana cin fili da lokaci, amma canjin kaya yana raguwa ƙwarai, don babu wanda ya san yaro kamar mai renonsa.

Wasu ba za su zo ba. Kafin a ce sun raina, a kira lambobin nan biyu: wani aiki ne ya riƙe shi, wata kuɗin mota ne babu, wata kuma tana jinya. A ware rana ta biyu da mota ɗaya domin su, mutum biyu su kai, su miƙa a ƙofa su juyo. Wasu kuma za su zo ba su cikin rajista. Ba a taɓa buhun wani domin su, ko da mai buhun bai iso ba. A rubuta su, a ce su dawo bayan an rufe rabo, a ba su daga abin da ya ragu, masu jerin jira su ne farko.

Bayan biki da mako ɗaya, tun abin yana sabo a kai, a zauna a rubuta adadin yaran kowane rukuni, katin da bai dawo ba da wurin da aka ɗauke shi, da rukunin da ya gaza. Masu bayarwa a aika musu godiya da alƙaluman gaskiya. Fom ɗin iyaye a kekketa su ko a ƙona, abin da ke cikin kwamfuta da wayoyin 'yan sa kai a goge. In kuɗi ya ragu, lokacin ne kantuna suke karya farashi, sai a sayi kayan matasa da na jarirai na baɗi, ban da kayan shafa da abin da ke da wa'adi. Duk abin da za a ajiye a cire masa batir tukuna, domin batir yana zubar da ruwa ya cinye ƙarfen da ke ciki kafin shekara ta zagayo, a rubuta rukuni da adadi a jikin kowane kwali, a ɗora shi kan katako.